Sensar auna suga ta hannu: wata 14 ni da ƙanena muna amfani da ita, ga gaskiyar abun da muka gani

Tunda na fara yawo da wannan farin abun a bayan damtsena ban huta da tambaya ba, wata tace filasta ce, wata tace ko irin abun tazarar haihuwa ne da ake sawa a hannu, har akwai yarinyar da ta ja hannuna tace Anti maɓalli ya maƙale miki. Toh ba ko ɗaya, sensa ce ta auna suga. Kuma da yake wasunku sun daɗe suna cewa in faɗa musu ko tana da amfani kafin su sa kuɗinsu, nace bari in bari sai na daɗe da ita tukuna, don abun kwana biyu kowa yabonsa yake. Yanzu wata 14 kenan, na cinye sensa kusan 30, ƙanena shima ya cinye kusan haka tunda tare muka fara. Sunan kamfani dai ba zan kama ba, ba talla aka biya ni ba kuma ba rigima nake nema ba, irin wadda ake mannawa ta kwana 14 ce tana tura lamba zuwa waya. In maki kuke so tun daga farko, ni na bata 4 cikin 5, shi kuma yace 3 kuma wai ma ya yi mata kara.

Ga wanda bai taɓa gani ba, abun kamar kwabo ne, ƙarƙashinsa akwai wani ɗan siririn zare mai laushi da yake shiga ƙarƙashin fata. Allurar da take shigar da shi fita take nan take, zaren ne kawai yake zama. Kuma ba jini take aunawa ba, ruwan da ke tsakanin ƙwayoyin nama take aunawa, shi yasa lambarta take biyo bayan ta jini da kamar minti 5 zuwa 15, wannan ku riƙe shi don zan dawo kansa. Irinta ta farko da aka amince da ita a Amurka a 1999 kwana 3 kawai take yi kuma mai ita baya ganin komai sai likita ya sauke bayanan daga baya, toh kunga an yi nisa.

Amma sai na faɗa muku yanda akayi mu biyu a gida ɗaya muke da wannan ciwon, in ba haka ba ba za ku gane dalilin da yasa makinmu ya bambanta ba.

Shi ƙanena yana da shekara 17 abun ya same shi, kuma wlh kamar tsawa. Sati uku yana shan ruwa kamar raƙumi, fitsari dare da rana, wandunansa duk suka yi masa yawa, muna ta cewa tsayi yake yi. Ranar da ya fara amai yana numfashi da sauri da zurfi, bakinsa yana wani irin wari kamar abun goge farce, ranar aka kwashe shi sai emajensi. Jininsa ya yi tsami saboda kiton, wani sinadari da yake taruwa in jiki ya rasa insulin ya koma ƙona kitse, abun da likitoci suke ce wa DKA. Daga ranar insulin, babu wata muhawara, kowa ya kalle shi yasan nau'i na 1 ne, wato garkuwar jikinsa ce ta juya ta kashe ƙwayoyin da suke yin insulin a fankiriyas.

Ni kuma nawa sai ya zo kamar ɓarawo. A cikina na biyu ina shekara 29 a wajen awo akace suga ta hau, sugar ciki ce, bayan haihuwa za ta sauka, kuma ta sauka ɗin. Bayan shekara biyu na fara fama da ƙaiƙayin gaba da farin ruwa, in sha magani in yi matsi ya lafa sati biyu ya dawo, wata takwas ina wannan zagayen, kowa ciwon sanyi yake ce min, nima sanyi nake cewa, har na fara zargin bawan Allah maigida a raina ba tare da ya yi komai ba. Gajiya kuwa nace ai mai yara biyu dole ta gaji. Ramar da nake yi har murna na yi, mutane suna cewa kin yi kyau kin koma budurwa. Babu wanda ya ce a auna suga, alhali suga in ta yi yawa tana fita a fitsari, wajen kuma ya zama gona ga ƙwayar fungas. Da aka zo aka auna akace nau'i na 2 ne, irin wanda aka saba gani a manya ana fara shi da ƙwayoyi, tunda na wuce 30, aka bani metformin, bai riƙe ba aka ƙara min glibenclamide, na yi kusan shekara biyu a haka ina bin doka kamar ɗalibar da take son ta zo na ɗaya, lamba tana hawa ni ina ramewa, kuma duk zuwa asibiti sai an min kallon wadda take satar ci a ɓoye.

Wata likita ce da na canza zuwa wajenta ta tsaya ta tambaye ni, Hajiya a gidanku akwai mai allurar insulin tun yana yaro? Nace ƙanena. Ta ajiye biro. Ta tura ni gwajin antibodi na GAD, mai nuna ko garkuwar jiki ce take cin fankiriyas, da gwajin C-peptide, wanda yake nuna ko jiki yana yin insulin nasa, sannan ta haɗa da na tayirod, halittar nan da ke gaban wuya. GAD ya fito sama sosai, C-peptide ƙasa, antibodin tayirod shima ya fito. Tace sunansa LADA, ciwon ƙaninki ne sak amma mai tafiyar hawainiya, yana kama manya, yawanci sama da shekara 30, kuma a watanni shidan farko mutum baya buƙatar insulin shi yasa ake ɗauka nau'i na 2 ne. Sunan ma sai 1993 aka raɗa masa, kuma a wani babban bincike na Birtaniya da ake kira UKPDS an samu kusan mutum 1 cikin 10 na waɗanda akace nau'i na 2 gare su suna ɗauke da wannan antibodin. Toh kunga ba ni kaɗai aka ɓatar ba.

Na tambaye ta ko don ni mace ce nawa ya zo a hankali nasa ya zo da gudu, tace a'a kar in haɗa, wannan shekaru ne, yaro namiji ko mace da gudu yake zuwar musu, yara mata ma suna zuwa asibiti da DKA sosai. Inda jinsi ya shigo a nawa labarin shine ƙaiƙayin da aka yi wata takwas ana bi da sunan sanyi, da sugar cikin da ashe hannunka mai sanda ce, da GAD da ya fi fitowa kuma ya fi hawa a mata, da tayirod da yake bin mata fiye da maza nesa ba kusa ba. Abun da ya bani mamaki kuma, cututtukan da garkuwar jiki ke cin mai ita yawancinsu mata suka fi kamawa, kusan 4 cikin 5 na masu su mata ne, lufus ma mace 9 ne namiji 1, amma suga nau'i na 1 ta fita daban. A yara ƙasa da 15 kusan kunnen doki ne, sai dai na mata yana yawaita da wuri saboda sun riga maza balaga, bayan balaga kuma maza ne suke wucewa gaba. Edwin Gale da Kathleen Gillespie na jami'ar Bristol a Ingila sun tattara wannan a 2001, suka nuna a Turawa tsakanin shekara 15 zuwa 40 maza 3 ne mata 2. Wato ƙanena ne ya bi layi, ni ce na shigo ta taga.

Toh mu dawo kan sensa.

Manna ta ba wuya, ka goge wajen ya bushe, ka danna abun kamar sitamfi, ƙas, shikenan. Tsoron ya fi zafin yawa, huda yatsa ta fi ta zafi wlh, sau ɗaya ne kawai na samu wata jijiya ta yi jini kaɗan. Sai ka jira awa ɗaya ta ɗumama. Ranar farko kar ka yarda da ita sosai, a nawa jikin lambar ranar farko takan yi ƙasa da gaskiya, rana ta biyu take daidaita, shi yasa yanzu nake manna sabuwa da dare in bar ta ta kwana kafin in kunna. Kuma duk lokacin da lamba ta ce wani abu jikinka ya ce wani, jiki magayi, ɗauko mita ka huda yatsa. Musamman in suga tana faɗuwa da sauri, sensa tana cewa 85 jini ya riga ya kai 65, wancan jinkirin da na faɗa kenan. Sannan in kin sha gulukos kin farfaɗo ita tana nan tana nuna ƙasa, in kika biye mata kika ƙara sha sai ki tsinci kanki a 250. Na yi wannan wautar ba sau ɗaya ba.

Inda ta biya ni kuɗina shine maganar al'ada, kuma nan ne zan daɗe don babu wanda ya taɓa zaunar dani ya faɗa min.

Kafin sensa ina huda yatsa sau huɗu a rana, wani satin lambobi su yi kyau wani satin su lalace, abinci iri ɗaya, allura iri ɗaya, sai in ta tuhumar kaina ko insulin ɗin ne ya lalace ko na manta na yi ko damuwa ce. A wata na uku da sensa ina kwance ina ja da baya a manhaja ina kallon zanen layin sai na ga wani abu, akwai wani sati da layin gaba ɗaya yake ɗagawa sama kamar an sa masa waigi, da asuba ina tashi da 180, 190 maimakon 120, bayan cin abinci ya haura ya ƙi saukowa. Na ja baya wata ɗaya, ga shi nan. Na ƙara ja baya, ga shi nan. Na ɗauko kalandar da nake alamar al'adata na jera su, wlh sai da tsigar jikina ta tashi, kwana 6 zuwa 7 kafin jini ya zo, duk wata, kamar agogo. Ranar da jini ya zo kuma ko washegari sai layin ya rikito, da ƙarfe ukun dare alam ya tashe ni a 58 ina gumi ina rawar hannu, saboda ina kan allurar da na ƙara don satin baya shi kuma jikin ya riga ya saki.

Na kai wa likita, ta yi dariya tace kin gano da kanki. Bayan ƙwai ya fita homon ɗin furojestaron yana hawa, shi kuma yana sa jiki ya rage jin insulin, in jini ya zo sai ya faɗi jiki ya koma ji. Ba kowace mace take ganin haka ba, wasu nasu ba ya motsi, wasu ma akasi suke gani, amma da yawa suna gani. Muka zauna ni da ita muka tsara yanda zan ɗan ƙara insulin mai dogon zango a wannan satin in mayar da shi ranar da na ga jini, kuma dan Allah kar wata ta karanta wannan ta je ta ƙara wa kanta, nawa lissafin nawa ne da likitata.

Akwai ma'aunin da masana suka yi ittifaƙi a kai a 2019, wai a so mutum ya kasance tsakanin 70 da 180 mg/dL fiye da kashi 70 cikin 100 na lokacinsa, ƙasa da 70 kuma kar ya kai kashi 4. Ni a satuttukan bayan wanka ina samun kashi 74, 76, a satin kafin jini ina faɗowa kashi 51. Yanzu bayan gyaran ina kai kashi 65 a wannan satin, Alhamdulillah.

Amma ga inda gizo ke saƙar, kuma nan ne ta rasa maki ɗaya a wajena. Manhajar tana da wajen rubuta abinci, wajen rubuta insulin, wajen motsa jiki, babu wajen al'ada. Babu. Rabin masu siyan abun nan mata ne, abu ne da yake juya sugarmu sati guda cur duk wata, amma ba a samu wanda ya ce a sa ɗan maɓalli ɗaya ba. Sai dai in shiga wajen rubutu in rubuta rana ta 1 da hannuna, kuma wannan rubutun baya fitowa a rahoton da ake buga wa likita ta yanda za a jera shi da layin. Rahoton ma kansa na kwana 14 ne ake haɗawa a fitar da matsakaici, toh macen da zagayenta kwana 28 ne, in ranar asibiti ta faɗo bayan kyawawan kwanakin likita ya ce madalla, in ta faɗo bayan munanan ya ce me kike ci, kuma duk biyun ba gaskiyar bace. Ni yanzu na kwana 30 ko 90 nake fitarwa in tafi da shi, da ɗan littafina a jaka. Na'ura mai Bluetooth tana hira da waya amma sai na haɗa mata da biro da takarda.

Na nuna wa ƙanena wannan, ya buɗe nasa muka jera wayoyi. Nasa layin sati huɗu kamar an yi fotokwafi, inda yake lotsawa kawai daren ranakun da ya buga ƙwallo. Ya buga da yamma lafiya lau, sai ƙarfe biyu ko uku na dare suga ta zube saboda tsoka tana ta jan gulukos tana mayar da abun da ta ƙona, shekara da shekaru yana tashi da ciwon kai washegarin ƙwallo yana cewa rana ce ta buge shi. Yace Yaya ke naki da kalanda yake tafiya ni nawa da fili. Wannan kam ya yarda sensa ta yi masa rana.

Abu na biyu da ta warware min shine rigimar HbA1c, gwajin nan da yake nuna matsakaicin suga na wata biyu zuwa uku. Nawa ya fito 8.1 alhali ƙiyasin sensa 7.2 yake cewa, na ɗauka sensa ce maƙaryaciya har na yi fushi da ita. Likita ta duba idona ta tura ni gwajin jini, ashe ƙarancin ayon gare ni, wato sinadarin ƙarfe na jini, saboda jinin al'adata yana da yawa, kuma ƙarancin ayon yana iya sa HbA1c ya fito sama da gaskiya. Bayan wata huɗu ina shan maganin ƙarin jini ya dawo 7.3. Da ba don sensa ba da an ƙara min insulin a kan lambar da ba tawa ba. Namiji da wuya ya faɗa wannan ramin, shi ƙanena nasa biyun kullum kusa suke da juna.

Toh me yasa yace 3? Gam. Yaron nan gumi gare shi kamar famfo, cikin nasa guda 7 suka ɓalle kafin kwanansu ya cika, ɗaya a fili wani ya ja hannunsa, ɗaya a bakin ƙofa, ɗaya yana cire riga, sauran gumi ne kawai ya jiƙa gam ɗin suka zame. Kuma in ta fita ta fita, ba a mayarwa. Sai da ya fara aske gashin wajen yana ɗora wata faffaɗar filasta a kai sannan aka samu sauƙi. Ni sau 3 kawai, biyu daga ciki aikin ƙaramar 'yata ne, tana ganin abun take kai hannu. Ni matsalata fata ce, in na cire sai wajen ya yi ja yana ƙaiƙayi kwana uku, dole nake canza hannu ina canza waje, kuma da ɗan mai nake jiƙa ta kafin in ɓare.

Sai ƙaryar dare. Shi a kan hannu yake kwana, in ya danne sensar sai ruwan wajen ya matse ta nuna 55 ta fara ihu, ya tashi a firgice ya huda yatsa ya ga 110. Bayan sati biyu na haka ya kashe alam ɗin gaba ɗaya bai faɗa wa kowa ba, ni kuma na gano ranar da na ga layinsa ya kwanta a ƙasa awa biyu babu wanda ya motsa. Mun yi faɗa ranar sosai, nace kai yaro da ranka kake wasa, yace Yaya ke ba ki san yanda ake ji ba mutum yana cikin abokai waya ta kama ƙara kowa ya juyo. Na gane daga baya ba baccin ne ya dame shi ba, kunya ce, baya son a san yana da wani abu, dogon hannu yake sawa ko ana zafi. Ni kuwa ko a jikina, duk wadda ta tambaya sai ta sha lacca. Yanzu dai ya mayar da alam ɗin faɗuwar suga ya kunna, na hawanta ya bar shi a kashe, muka tsaya a nan.

Akwai tsarin da za ka haɗa wani ya riƙa ganin lambarka a wayarsa. Yana da kyau, yana da sharri. Maigida ya taɓa tashe ni da dare kafin ma in ji alam, wannan kyan kenan. Umma kuma da muka haɗa mata namu mu biyu, kwana goma muka cire ta, ko 190 ta gani sai kira, me kuka ci, wa ya ba ku, har kuka take. Kuma ina so iyayen 'yan mata masu wannan ciwon su ji ni a nan, a shekarun balaga 'yan mata sun fi samari hawan HbA1c, sun fi su shiga DKA, kuma akwai wani abu da ba a cika faɗa ba, yarinya ta gane in ta rage allura za ta rame sai ta riƙa ragewa a ɓoye. Ni da nake babba na ji daɗin ramar ciwo, da na fara insulin na mayar da kilo 6 sai da na ji wani iri a raina, balle 'yar shekara 15. Sensa za ta nuna miki layin yana sama kullum, amma in kika mayar da ita bulala yarinyar cire ta za ta yi ta ce ta faɗi. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, a zauna da ita a yi magana.

Kuma kar wata ta ce ai mata ba sa ciwon zuciya da wuri. Wannan kariyar da mata suke da ita kafin al'ada ta ɗauke, wannan ciwon yana cinye ta. A 2015 Rachel Huxley da abokan aikinta sun haɗa bincike 26 na mutum sama da 200,000, suka samu ƙarin haɗarin mutuwa da nau'i na 1 yake jawo wa mace ya fi na namiji da kusan kashi 40 cikin 100, na zuciya da jijiyoyin jini kuma kusan ninki biyu. Tunda na ji wannan na daina ɗaukar satin nan na kafin al'ada a matsayin abun da za a yi haƙuri ya wuce, sati ɗaya a wata ai wata uku ne a shekara.

Masu ciki ko masu shirin ɗauka, in da hali ku kam kar ku yi wasa. Akwai gwajin CONCEPTT da aka fitar a 2017, mata 325 masu nau'i na 1, waɗanda suka sa sensa cikin masu juna biyun an samu raguwar haihuwar jarirai masu girman da ya wuce kima, da raguwar faɗuwar sugar jariri bayan haihuwa, da raguwar kwantar da su a ɗakin kulawa ta musamman. Sai dai iyakar mai ciki daban ce, 63 zuwa 140 ne ba 70 zuwa 180 ba, sai kin shiga saiti kin canza da kanki, in ba haka ba manhaja tana ta miki kore tana yaba miki ke kuma kin wuce layi. Kuma a ce likita ya duba tayirod kafin ciki da bayan haihuwa, masu irin ciwonmu yana yawan tasar mana bayan haihuwa.

Da muna wannan hirar ne na tsokani ƙanena tunda ya fara maganar aure, nace kasan kai ka fi ni gadar wa yara? Ya zaro ido. Haka ne kuwa, ƙungiyar masu ciwon suga ta Amurka tana cewa uba mai nau'i na 1 damar ɗansa ya samu kusan 1 cikin 17 ne, uwa kuma 1 cikin 25 in ta haihu kafin shekara 25, in bayan haka ne 1 cikin 100. Ya yi shiru can yace toh ai 16 sun tsira, nace haka ne.

Masu kula da kwastoma ba laifi, sensa 3 suka mutu min da kansu kafin lokaci, biyu an canza min bayan na tura lambar jikin kwali da hoton saƙon da waya ta nuna, ta ukun na riga na yar da kwalin akace ba yanda za a yi, don haka kar ku yar da kwali sai ta gama kwananta. Wadda ta ɓalle saboda gumi ko yaro ya fizge wani lokaci su canza wani lokaci su ƙi. Ku karanta 'yar takardar ciki kuma, wasu sensosin bitamin C mai yawa yana ruɗa su, wasu kuma maganin hydroxyurea da masu sikila ke sha yana sa su nuna sama da gaskiya, kowace da nata. Aljihu kam yana ji a jikinsa tunda duk sati biyu sabuwa ce, ga mita da sitirif ba a rabuwa da su. Macen da ba za ta iya ɗorewa ba ni shawarata ta sa guda huɗu a jere, wata biyu kenan, zagaye biyu cikakku, ta rubuta ranakun al'adarta a gefe, abun da za ta koya a nan zai yi mata amfani ko ta koma huda yatsa. Guda ɗaya tak ba za ta nuna miki komai ba sai rabin labari. Namiji kuma guda biyu ma sun isa ya ga inda yake zubewa.

Abun da ba za ta yi ba, ba za ta faɗa miki wane irin suga gare ki ba, kuma bata auna kiton. In an ce miki nau'i na 2 ne amma ba ki da ƙiba, ƙwayoyi sun ƙi riƙewa, kina ramewa, ko kina da tayirod, ko akwai mai insulin tun yarinta a gidanku, gwajin GAD da C-peptide za ki roƙa, ba sensa ba. In kuma lamba ta haura 250 ta ƙi sauka ga amai ga ciwon ciki, asibiti za a nufa ba kallon waya ba.

Wadda ke hannuna yanzu saura kwana 3 ta ƙare, jiya da asuba na tashi da 171, na duba littafi na ga saura kwana 6 al'ada ta zo, na ƙara abun da muka yi da likita zan ƙara. Ƙanena kuma ɗazu ya turo min hoton tasa a tafin hannu, kwana 9 kacal, wai a bakin ƙofar mota, yana tambaya Yaya ko kina da ragowar filastar nan.